Modafinil da gajiyar MS: abin da na gani bayan na fara sha

Gajiyar cutar MS (multiple sclerosis) ba irin wadda barci ke warwarewa ba ce. Garkuwar jiki ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, saƙo ya riƙa tafiya a hankali, ka tashi da safe kamar ka kwana dako. Kafin likitan jijiyoyi ya rubuta min modafinil, maganin hana barci, sai da aka duba ƙarancin jini da tayirod (ƙullin da ke wuya mai daidaita kuzarin jiki), ya tambayi minshari da damuwa, don kowannensu na kawo kasala.

An fara min da miligiram 100 sau ɗaya da safe, daga baya aka kai 200. Lokacin sha shi ne komai. Rabin maganin na jiki har bayan awa 12 zuwa 15, don haka wanda ya sha bayan azahar zai kwana ido biyu, gobe gajiyar ta ninka. Ni bayan asuba nake sha, da azumi kuma a sahur. Na rage shayi da goro, don haɗuwarsu na sa bugun zuciya. Ciwon kai da tashin zuciya na farkon sha sukan lafa, amma a riƙa auna hawan jini.

Modafinil gyangyaɗi yake kora, ba ya mayar da ƙarfin ƙafa. Ran da zafin Legas ya ritsa ni cikin danfo a cunkoson Agege, ƙwaya ba ta hana jiki saki, domin zafi na ƙara dagula saƙon jijiyar da ta riga ta lalace. Ruwan sanyi da fita da sassafe sun fi amfani a nan. Asali ma don cutar barcin rana aka amince da modafinil a Amurka a 1998, kuma gwajin likitoci mai suna TRIUMPHANT-MS da aka wallafa a 2021 bai nuna ya fi ƙwayar bogi, wadda ba magani a cikinta, rage gajiyar MS ba. In an yi makonni ba canji, a koma wa likita.

Mata su kiyaye: yana raunana ƙwayar tsarin iyali har bayan an daina shi, kuma ba a shan sa da ciki. Ga kowa kuma, in aka ga ƙurji, gyambon baki ko zazzaɓi tare da kumburin fuska, a dakata nan take a tafi asibiti. A saya a kantin magani mai rajista da takardar likita, ba a hannun 'yan talla ba.