Abin da kujerar roka ta koya mini a matsayin mafarauci

Na fara buga Identity V ne a waya da na saya a kasuwar Farm Centre, kuma na shafe makonni ina cikin masu neman tsira kafin wani ƙanina ya ce mini: "Yaya, kai da kake son shugabanci, me ya hana ka zama mafarauci?" Wasan, wanda kamfanin NetEase na ƙasar Sin ya fitar a 2018, tsarinsa mutum ɗaya ne a kan mutum huɗu. Su huɗun suna ƙoƙarin kammala injinan warware lambobi guda 5 daga cikin 7 da ke filin domin ƙofofin fita su buɗu, shi kuwa mafarauci aikinsa ya kayar da su, ya ɗaure su a kujerar roka har ta tashi da su. Idan kujerar ta tashi da uku ya ci, idan biyu suka tsere an yi canjaras.

A daren farko da na riƙe Leo, mafaraucin da ake ba kowa tun farko, muna zaune a dakalin ƙofar gida a Gwale bayan isha'i, na hangi sojan haya, ɗaya daga cikin jaruman da masu neman tsira ke zaɓa, sai na bi shi da dukan zuciyata. Ya yi ta zagaye da ni tsakanin tagogi da katakan da ake kifarwa a filin tsohuwar masana'antar makamai, ina kai duka ina samun iska, har na ji ƙarar kammala inji na uku ban taɓa kowa ba. Daga baya na fahimci cewa wannan gudun shi ne aikin da aka ba shi a ƙungiyarsu, kuma ni na taimaka masa ya yi shi da kyau. Mafarauci da lokaci yake faɗa, domin duk daƙiƙar da ya ɓata a bayan mutum ɗaya, mutum uku suna can suna latsa inji cikin kwanciyar hankali. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a wannan wasan dole ka zaɓi zomon da gudunsa bai fi ƙarfinka ba.

Don haka yanzu tun a allon shiga nake duba waɗanda zan fuskanta. Idan akwai makanikiya a cikin jaruman da suka zaɓa, ita nake nema da farko, saboda tana da saurin warware inji kuma ba ta da ƙarfin gudu. Idan na bi wani na ga an kusa minti ɗaya ban same shi ko sau ɗaya ba, na rabu da shi, duk da cewa rabuwar tana da ciwo. Eriyar da ke saman inji tana girgiza idan ana aiki a kansa, kuma ta fi mini amfani fiye da sawun ja da masu gudu ke bari a ƙasa.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne gadin kujera. Wanda aka ɗaure sau uku an cire shi daga wasan, haka kuma wanda aka bari ya wuce rabin lokacinsa a ɗaurin farko, ɗaurin gaba shi ne na ƙarshe. Da na san wannan, sai na daina tsayawa gaban kujera kamar mai gadin shago. Ina ɗan matsawa ta wajen da nake tsammanin mai ceto zai fito, in dake shi tun yana hanya, domin ya iso da rauni. Idan kuma ya kai hannu yana kwance igiya, dukan da aka yi masa a wannan lokacin yana kayar da shi nan take ko da lafiyarsa lau. Ƙwararru sun san haka, shi ya sa sukan yi kamar za su kwance su janye hannu, su bar ka ka doki kujera. Haƙurin rabin daƙiƙa a nan ya sha ba ni wasa, kuma na tabbata ya fi duk wata dabara da na koya.

Ƙarshen wasa ma yana da nasa lissafin. Sau da yawa sukan bar inji na biyar saura ƙiris, su jira ka kayar da wani sannan su kammala, sai wanda ke ƙasa ya miƙe da gudu. Maganinsa a wurina shi ne baiwar Detention, wadda ke sa duka ɗaya ya kayar da mutum na ɗan lokaci bayan an gama injinan, sai kuma wata damar daban ta tsallakawa nan take zuwa ƙofar fita.

Akwai kuma matsalar da mu 'yan Kano muka fi sani, wato jinkirin netwok, tun da sabar wasan nesa take da mu. Na bar mafarautan da ke bukatar saiti daidai wa daida, kuma ina fara kai duka kaɗan kafin idona ya ce lokaci ya yi. Wasan neman matsayi kuwa ba na shigarsa sai waya ta huce, caji ya cika, dare ya yi nisa layi ya sake.