Wa ke da iko ranar da talakawa suka fito? Abin da na gani a Katsina

Ana saura 'yan kwanaki a shiga watan Agustan 2024, mai unguwarmu ya aiko a kira ni bayan isha'i. Na tarar da shi a zaure tare da liman da wasu dattawa. Ya ce saƙo ya zo daga sama, kowane mai unguwa ya ja kunnen yaransa kada su fita zanga-zangar tsadar rayuwa da za a fara ranar 1 ga wata. "Malam, rabin samarin unguwar nan ta hannunka suka biyo a makaranta, kuma ka san harkar nan tun cire tallafi na farko. Kai za ka yi musu magana." Na ce, "Ranka ya daɗe, zan yi, amma ban ɗauki alkawarin za su ji ba."

Abin da yake nufi da na farko shi ne na Janairun 2012, lokacin ina wakilin ƙungiyar malamai a makarantarmu. Ranar 1 ga wata gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ranar 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka tsunduma yajin aiki, ƙasa ta tsaya cik. Ni aikina shi ne tsare gefen jerin gwano: in hana yara ɗaukar dutse, in sa ido kada wani ya taɓa shagon mutane. Muna da lasifika, muna da wurin haɗuwa, muna da lokacin watsewa. Ranar 16 ga wata aka sauke farashi zuwa naira 97, shugabanni suka janye yajin, muka koma aji. Mutane da yawa sun zage mu, suna cewa an sayar da su, domin 65 suka fito nema. Amma dai akwai wanda gwamnati za ta zauna da shi, akwai kuma wanda in ya ce a koma gida za a koma.

Na 2024 ba shi da wannan. Ƙungiyar ƙwadago ta ce ba ita ta kira ba. Kiran ta waya ya zo, ta TikTok da Facebook da WhatsApp, ba mai ofis, ba mai hatimi. A ɗaya gefen kuwa duk wanda ake kira shugaba ya yi magana. Shugaba Tinubu ya gana da sarakuna da malamai a Abuja, ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ranar 29 ga Yuli, limamai da yawa suka yi huɗuba a kan illar fitina.

Na sami samarin a teburin mai shayi. Na yi musu maganar da na yi imani da ita, ba wadda aka aiko ni da ita kaɗai ba. Na tuna musu rikicin bayan zaɓen 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa, na ce taron da ba shi da jagora ɓata-gari ke gaje shi. Sun saurara da ladabi, har wani ya tashi ya ba ni benci. Sai wani tsohon ɗalibina, ɗan acaba, ya ajiye kofinsa ya zaro kuɗin da ya yini yana nema, tsofaffin takardu a dunƙule, ya baje su a kan tebur. Ya ware na mai, ya ware na mai babur, abin da ya rage bai kai kuɗin tiyar masara ba. Ya ce, "Malam, don Allah wanda ya aiko ka zai iya rage kuɗin mai?" Na ce a'a. "Zai iya rage kuɗin hatsi?" Na ce a'a. Ya ce, "To Malam, ka yi haƙuri, girmanka ne, amma za mu fita." Yana da mata da ɗiya, kuma a watan Yunin shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Ranar Alhamis na bi su, don in kasance kusa idan abu ya ɓaci. Da safe akwai tsari: masu kwalaye a gaba, wasu na cewa a bi a hankali. Kafin azahar waɗannan sun nutse a cikin jama'a, ba a ko jin muryarsu. A mahaɗar da na tsaya, mutum biyu ne ke juya al'amari. Ɗaya wani yaro ne da ban taɓa gani ba, ya hau kan kwalbati, in ya ce "Ba ma yi!" ɗaruruwa su amsa, in ya nuna hanya a bi. Ɗayan kuma jami'in tsaro ne riƙe da bindigar barkonon tsohuwa, matashi shi ma, gumi na zuba ta ƙarƙashin hularsa, yana waiwayen na gaba da shi. Ko a watse lafiya ko a kwashi gawa, a wannan sa'ar yana hannun waɗannan biyun ne. Da hayaƙi ya tashi na kama hannun yaran unguwarmu da na iya kamawa, muka shiga wani lungu, wata tsohuwa ta miƙo mana ruwa a buta muka wanke idanu.

Can sai labari ya zo daga Daura cewa matasa sun taru kusa da gidan tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari suna irin wannan kirari. Wannan ya girgiza ni fiye da hayaƙin. A 2015 a garin nan, in ka ce "Sai Baba" ka gama magana. Ashe son da jama'a ke yi wa shugaba ba ajiya ba ne da zai ɗebo ranar da ya ga dama.

Da na tsaya a nan, da sai in ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, shi ke nan. Amma abin da ya biyo baya bai bar ni na tsaya ba. Muƙaddashin gwamna, Faruk Lawal Joɓe, ya sa dokar hana fita, ta awa 24 a Dutsin-Ma, ta dare a sauran jihar, kuma ta yi aiki, domin masu bindiga sun bi umarni. A nan ikon shugaba yake rataye a irin waɗannan ranaku. Hosni Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairun 2011 ya miƙa wa sojoji mulkin Masar. Omar al-Bashir na Sudan, wanda boren tsadar burodi ya taso masa daga Atbara a Disambar 2018, sojojinsa ne suka cire shi ranar 11 ga Afrilun 2019. A makon namu ma, ranar 5 ga Agusta, Firaminista Sheikh Hasina ta tsere daga Bangaladash, babban hafsan soja ne ya fito ya sanar wa ƙasa. A duk wuraren nan jama'a sun jijjiga kujera, amma ba ta faɗi ba sai da masu gadinta suka sake ta. A Najeriya ba su sake ba. Shi ya sa ranar Lahadi 4 ga wata shugaban ƙasa ya yi jawabi, ya ce ya ji koken matasa, bai kuwa dawo da tallafin man da ya cire a 2023 ba.

Daga nan sai kame. An ɗauke wani yaron unguwarmu wanda ko ƙwarya bai fasa ba, mahaifiyarsa ta zo gidana tana kuka, tana cewa, "Malam, ka taimake ni, shi ne babba." Mai ihun kan kwalbati ba a san inda ya shiga ba. Masu kira ta waya ba su san sunan yaron ba. Mai unguwa da liman, waɗanda aka ƙi jin maganarsu, su ne suka sa babbar riga suka yi ta zarya har aka ba da belinsa, sa hannunsu aka karɓa. Wasu iyayen ba su yi wannan sa'ar ba. Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kuma umarnin shugaban ƙasa ne ya sa aka sake su bayan 'yan kwanaki. Man fetur ɗin da aka fita dominsa, a watan Oktoba ya haura naira 1,000 a Abuja.

Da muka yi taron ƙungiya bayan lafawar ƙura, wasu matasan malamai suka tambaye ni ko fitar banza aka yi. Na ce ba banza ba ce, domin yunwar gaskiya ce, kuma an ji ta har inda ba a son ji. Amma na kawo musu Kenya: a watan Yunin shekarar matasa suka tsaya a kan abu guda, dokar haraji, shugaban ƙasar, William Ruto, ya janye ta ranar 26 ga wata, duk da cewa can ma an zubar da jini. Namu buƙatun suna da yawa, ba kuma wanda zai ɗauke su ya shiga ɗaki da su. Na ce musu idan wata rana aka sake kiran mu, ni ba zan ce kada a fita ba, amma ba zan tura ɗalibina titi ba sai na san buƙatar da ake so a sa wa hannu, da wanda zai zauna da gwamnati, da ƙarfe nawa za a watse, da lauyan da zai bi yaran da aka kama. Aka rubuta wannan a littafin taro, aka ɗora wa mutum biyu neman lauyoyin da za su yarda su tsaya mana.