Sa hannun da ya cinye mini shaguna biyu

Ranar da aka yi mini liyafar ban kwana a ofis, cikin watan Satumba na 2024, an ba ni agogon bango da darduma, aka ce in yi wa na baya nasiha. Na miƙe na ce su riƙe amana, su zo aiki a kan lokaci, na koma na zauna. Abin da ke cikina ba shi na faɗa ba, don akwai manya a wurin. Yanzu da babu mai iya rubuto mini takardar tuhuma, bari in amayar da shi.

A Sakkwato na kama aikin gwamnatin tarayya a 1989, aka turo ni Birnin Kebbi bayan an ƙirƙiro jihar a 1991, nan kuma na cika shekara 35 ɗin da doka ta yanka. Ban taɓa ɗaukar kaina sakarai a harkar kuɗi ba. Tun ina da sauran shekara shida na sayi ɗan fili a bakin hanya wajen Gwadangaji, da niyyar in tayar da shaguna biyu kafin in ajiye aiki, kuɗin haya su riƙa tallafar fansho. Na buga bulo ɗari takwas na jibge. Lissafina ya tafi daidai har ƙarshen 2019, ranar da oga ya aiko masinja ya kira ni.

Ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba a shekara huɗu da muka yi tare. A kan tebur ga fom ɗin rance na ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, an riga an cike shi tsaf, naira miliyan biyu da rabi, har an ɗiga fensir a inda zan sa hannu. Ya ce, "Malam, ƙaramin abu na. Garanto kawai suka so, kuma kai ad dattijon wurin ga." Fayil ɗina na ƙarin girma yana ƙarƙashin gwiwar hannunsa, ina hango lambata a jiki. Bai ambace shi ba, ni ma ban ambata ba. Na ce, "To, ranka ya daɗe," na karɓi biro. Garanto na biyu direbansa ne, bawan Allah da albashinsa ko buhun shinkafa uku ba ya saye.

Da na gaya wa uwargida da dare, sai da ta ajiye ludayi. "Malam, bashin da ko sisinsa ba ka gani ba ka sa wa hannu?" Na ce mata babban mutum ne. Ta ce ai babban ne abin tsoro.

Wata huɗu ya biya. Daga nan ya samu canjin aiki zuwa wata hukuma a Abuja, inda hannun ƙungiyarmu ba ya kai wa ga albashinsa. Aka rubuta masa, shiru. Na kira, da farko yana ɗauka ya ce in sha Allahu ƙarshen wata, daga baya wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. A tsakiyar 2020 aka fara yankar mini naira 45,000 duk wata, fiye da rubu'in abin da nake karɓa, kuma haka aka yi ta yi har wata 36. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙarin girman ma bai fito a hannunsa ba, sai wanda ya gaje shi ne ya tura fayil ɗin.

Mutane kan ce mini ai miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ne, ba su isa su karya mutum ba. Ba su gane ba. Lokacin da na sa hannun nan buhun siminti bai kai naira 3,000 ba. Ranar da aka gama yankar albashina an riga an cire tallafin mai, kuma kafin in farfaɗo siminti ya haura 7,000. Shekarun da gini yake yiwuwa ga ma'aikaci irina su ya ɗauke mini, kuma ba a biyan wannan ko da ya dawo da kuɗin. Bulon nan na nan, damina biyar ta zubo a kansa, rabi ya koma ƙasa, awakin unguwa na hawa sauran. Duk ma'aikacin da ya rage masa shekara biyar, albashinsa ba nasa ba ne da zai yi kara da shi, na tsohon da zai zama ne. Wanda kuwa ya ajiye fayil ɗinka a gabansa yana roƙonka alfarma, ba roƙo yake yi ba.

Sauran abin da na koya a kan kuɗi bai kai wannan zafi ba. Mu da tsarin fansho na adashin gata na 2004 ya riska a tsakiyar aiki, muka fita ba mu ga garatuti irin na iyayenmu ba. Abin da ke asusunka shi ne naka: kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kashi 10 daga mai aikin, tun gyaran dokar 2014. Doka ta yarda ka riƙa ƙara wani abu da kanka, ban taɓa ƙara ko kwabo ba. A ƙarshe za a ce ka zaɓa, ko kamfanin fanshonka ya riƙa gutsuro maka duk wata, abin da ya rage na magada ne, ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rai. Na zaɓi na farko saboda ina da 'ya'ya ƙanana. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tambayi asusu na shida, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ɓullo da shi a 2021. Takardar kama aiki da ta ƙarin girma, a adana kwafinsu a gida, kar a dogara da rajista.

Sai jira. Haƙƙin shekarun da na yi kafin 2004 bai shiga asusuna da wuri ba, na yi wata goma sha ɗaya babu albashi babu fansho. A wata na uku na fara jin ƙeyata tana sara. Likita ya ɗaura mini abin awo, ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Baba, me kake yi daga asuba zuwa azahar?" Na ce ina sauraron rediyo. Ya rubuta maganin hawan jini, ya ce amma rabin maganin yana ƙafata, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take so a mako ko da tafiya ce mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar.

Na fara da rawar kai. Na bi tsofaffin 'yan ƙwallo fili, minti goma gwiwa ta tuna mini shekaruna, na yi mako biyu ina salla a zaune. Sai na jawo tsohon keken da yarana suka yar a bayan ɗaki, na kai wa mai faci ya sa taya da sarƙa. Motar dama tana ƙarƙashin darbejiya an lulluɓe ta, ba kuɗin mai. Yanzu da an sallame asuba nake fita, in miƙi hanyar Kalgo kafin manyan motoci su taso, in juyo rana na ɓullowa. A watan Afrilu, da zafin garin nan ke wuce digiri 40, wanda ya bari bakwai ta yi masa a hanya ya ja wa kansa. Lokacin hunturu kuma sai na naɗe hanci da rawani saboda ƙura. Ran Asabar mukan haɗu mu shida a filin wasa na Haliru Abdu, duk 'yan fansho, mu zagaya muna gulmar wanda alat ya shigo masa da wanda bai shigo ba. Rabin abin da ke fitar da ni gida wannan hirar ce, don ba wanda ya gaya mini cewa ranar da ka bar ofis wayarka ma ritaya take yi.

Ba a rasa masu magana ba. Wani yaro da na koya wa rubuta takardar ofis ya tsayar da motarsa ya sauke gilashi, "Baba, an sai da motar ne?" Na ce tana hutawa, ita ma ta cika 35. Wata takwas da fara hawa, likita ya rage mini ƙwaya ɗaya, wandunan da na ba tela ya buɗa duk na mayar masa ya rage.

Da Babbar Sallar da ta wuce aka yi wani ɗaurin aure a Jega, sai ga oga. Ya yi ƙiba, wani yaro na riƙe da hannunsa yana taimaka masa sauka daga mota, yana haki kafin ya kai tabarma. Ya gan ni, ya washe baki kamar jiya muka rabu. "Malam! Ka ga yadda ka koma yaro? Mi kaka ci haka?"

Na ce, "Keke nake hawa, ranka ya daɗe."

Na tsaya ko zai kawo zancen. Ya juya yana tambayar ina aka ajiye goro.