Wasiƙa daga Edinbara, Kafin Agusta Ta Kama

Assalamu alaikum, 'yan uwa marubuta da makaranta na gida. Ina fatan damina ta sauka lafiya. Ku yi haƙuri da gajartar gaisuwar, tambayar da kuka dame ni da ita ce ta zaunar da ni: "Malam, wai bikin littattafan nan na garinku yaushe ne, kuma ta ina ake shiga?" Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai a waya, shi ya sa na ce bari in haɗa ku. Zan yi maganar bikin, da biza, da zaman waƙa na dare, da nunin zane-zane, in wuri ya isa.

Bikin littattafai na Edinbara, babban birnin Scotland a Birtaniya, a watan Agusta ake yinsa kowace shekara, sati biyu da 'yan kwanaki. An fara shi a 1983, kuma ya daɗe a cikin tantuna a wani lambu da ake kira Charlotte Square, ya bar can bayan 2019, sannan a 2024 ya koma tsohon babban asibitin garin, wanda jami'ar Edinbara ta gyara. Ba shi kaɗai ne a watan ba. Tun 1947 ake babban bikin kiɗa da wasan kwaikwayo, kuma a shekarar farkon nan wasu ƙungiyoyin wasa 8 da ba a gayyata ba suka zo suka yi nasu a gefe. Wannan gefen shi ne Fringe, wanda yanzu ya fi uwar gidan girma, da wasanni sama da 3,000. Idan watan ya kama, babban titin tsohon gari kan koma kamar Kantin Kwari ana jajibirin Sallah. A 2004 UNESCO ta naɗa garin birnin adabi na farko a duniya, kuma ba su ɓoye taƙamarsu: tashar jirgin ƙasar ma sunan wani littafin marubucinsu Walter Scott ta ci, ga hasumiyar tunawa da shi mai tsawon mita 61 a gefenta.

Abin da har yau yake ɗaure mini kai shi ne jadawalin. Tun watan Yuni ake fitar da shi, ɗaruruwan zama, kowanne da ranarsa da sa'arsa da ɗakinsa da kuɗinsa. E, kuɗinsa. Mutum zai ciro fam 10 da wani abu ya sayi tikiti don kawai ya ji marubuci yana magana, wasu tikitocin kuma su ƙare tun ana saura sati shida. Akwai zaman da ake barin kowa ya biya daidai ƙarfinsa, amma dai biya ake yi. Zaman awa ɗaya ne cif. Ƙarfe biyu in aka ce, ƙarfe biyu za a rufe ƙofa, wanda ya makara sai dai ya leƙa ta waje. Kujeru biyu ko uku ne a gaba, marubuci da mai jan hira, kuma mai jan hirar ya karanta littafin daga bango zuwa bango, ana ji a tambayoyinsa. Kusan ƙarshe a miƙa wa jama'a makirfo. Ana tashi marubuci zai koma teburi, mutane su yi layi da littafin da suka saya, ya sa musu hannu.

Babu uban taro, babu babban baƙo na musamman, babu wakilin wakilin wani mai girma da zai karanta jawabin da bai rubuta ba. Ku tuna ƙaddamarwar ƙarshe da kuka je. An sa ƙarfe goma, an fara bayan Azahar, an gabatar da manyan baƙi har an gaji, mai sharhi ya yabi marubuci tun daga kakanninsa, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi biyar a kan kuɗin da watakila ba za a gani ba, shi kuma mai littafin an ba shi minti biyar na godiya. Ba raini nake yi ba. Na san wanda ya buga littafi da kuɗin aljihunsa, ba kamfanin da zai rarraba masa, a ranar nan kaɗai yake sa ran mayar da uwar kuɗinsa. Amma me zai hana a raba biyun? A yi ƙaddamarwa don kuɗi, sannan bayan sati biyu a nemi aji ɗaya a wata makaranta, a zaunar da marubuci da mutum ɗaya da ya karanta aikin da gaske. Ba sabon abu ba ne a wurinmu: bikin littattafai na Kaduna da aka fara a 2017, da na Hausa zalla da aka fara a can a 2021, sun nuna jama'a na zuwa. Abin da ya rage shi ne kada a jira sai shekara ta zagayo.

To, biza. A nan ne zan ɓata muku lokaci, domin a nan ne burin yawancinku ke makalewa. Takardar gayyata ba biza ba ce. Ko shugaban biki ne ya sa mata hannu, jami'in da zai duba takardunka abin da ya dame shi daban: wa zai biya kuɗin jirgi da masauki, kuma me zai mayar da kai gida? Za a nemi bayanan asusunka na banki na watanni, da shaidar aiki ko sana'a, a ɗauki hoton yatsunka. Idan kawunka ya tausaya maka ya zuba maka miliyoyi ana saura kwana uku ka miƙa takardu, ya kashe ka ne da alheri, domin kuɗin da suka faɗo asusu ba bayani su ne abin da ake fara zargi. Marubucin da ke sayar da littattafansa hannu da hannu, kuɗinsa ba su taɓa bi ta banki ba, a takarda ba shi da sana'a. Sunan da ke fasfo ya dace da na gayyata harafi da harafi. Masu sunan alƙalami, ku gaya wa masu biki sunanku na yanka tun wuri. Ba a karɓar buƙata sai tafiya ta rage wata uku ko ƙasa da haka, amsa kan ɗauki kimanin sati uku, ta kan kuma wuce haka lokacin cunkoso. In aka hana ka, kuɗinka sun tafi, kuma bizar ziyara galibi ba ta da ɗaukaka ƙara, sai dai ka sake biya ka sake nema.

Kada wanda aka hana ya ɗauka shi kaɗai ne. A 2018 shugaban bikin na lokacin, Nick Barley, ya fito fili ya koka cewa an hana marubuta kusan 12 daga Afirka da Gabas ta Tsakiya, mutanen da bikin ya gayyata da kansa, sai da aka haɗa da 'yan majalisa da jakadu. Idan gayyatattu sun sha haka, kai mai zuwa kallo sai ka ɗaure takardunka da kyau.

Wanda Allah ya ba shi, ya taho da rigar ruwa da ta sanyi. Abin da suke kira bazara a nan da wuya zafinsa ya haura digiri 20, ga yayyafi ba sallama, ga iskar da ke karya lema. Kuɗin masauki kan ninka a Agusta, wanda bai kama ɗaki da wuri ba zai kwana a wani gari ya riƙa shigowa a jirgin ƙasa. Magariba a farkon watan sai wajen ƙarfe tara, saboda haka a duba lokacin salla kafin a sayi tikitin yamma. Babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1998, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga wurin bikin, kuma akwai shinkafa da miyar kori mai araha a kusa da shi.

Kada kuma ku zaci kuɗi a zube suke. A 2016 marubuci Philip Pullman ya ajiye muƙaminsa na uban bikin adabi na Oxford saboda ba a biyan marubutan da ke zuwa magana. A 2024 bikin Edinbara ya rabu da Baillie Gifford, kamfanin zuba jari da ya ɗauki nauyinsa shekara 20, bayan marubuta da masu fafutuka sun matsa kan jarinsa a harkar man fetur da kamfanonin da ke da alaƙa da Isra'ila. Tun daga nan suke neman inda za su cike giɓin.

Zaman waƙa na dare yana nan, wasu ma kyauta ne, manyan gidajen zane na gwamnati kuma ba a biyan kuɗin shiga sai nuni na musamman. Sai wani jiƙon zan faɗaɗa. Wanda biza ta gagara, ana watsa wasu zaman kai tsaye ta intanet, kuma a Agusta agogon nan daidai yake da na Kano da Zinder, ba sai an yi lissafi ba. Ku haɗa kuɗin data, ku nemi wanda ke da sola.

Wassalam, naku a Edinbara.