Amai da zawon da ya zagaye gidanmu

Daren Talata wajen ƙarfe biyu autana ya tashe ni da amai, ba wani zazzaɓi sosai, amai ne kawai kamar an buɗe famfo, kafin kiran sallar asuba na canza zanin gado sau uku. Da rana zawo ya biyo baya, ruwa tsululu. Hajiya surukata ta leƙo ta ce haƙori ne ki bar shi zai wuce. To haƙorin ne kuma ya kama yayarsa mai shekara bakwai ranar Alhamis, ni ma ya kada ni ranar Juma'a?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yaron nan an ɗiga masa rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke kawo zawon yara, a baki, katinsa yana nan, tun 2022 ai aka sa shi cikin rigakafin yara a Najeriya. Kuma bara ma irin wannan ya same mu. Da na faɗa wa likita haka a wani asibiti nan Gyaɗi-Gyaɗi sai ya ce Hajiya rota daban, wannan ya fi kama da norovirus, shi har yanzu ba shi da rigakafi, kuma riga yake canzawa, wanda jikin yaro ya gane bara ba lallai shi ne ya dawo bana ba.

Ni dai da son bin diddigi, ina kwance ina shan ORS, ruwan gishiri da sukarin nan, ina duba waya. Ashe sunan ma daga wani gari ne, Norwalk a jihar Ohio ta Amurka, inda ya kwantar da 'yan firamare a 1968. Akwai nau'in da ake ce wa GII.4, shi ya yi kaka-gida a duniya shekara da shekaru, duk bayan 'yan shekaru ya fito da sabon salo, na New Orleans a 2009, na Sydney a 2012. Sai wani GII.17 ya ɓullo a China da Japan wajen 2014, ya ɗan lafa, kwatsam a 2024 ya zama shi ne kan gaba a Amurka da Ingila. Yanzu ki duba yadda mutanenmu ke zirga-zirga, umara, Dubai, Guangzhou sarin kaya, ai ƙwayar cuta ba ta neman biza.

Inda na ji haushin kaina shi ne Flagyl ɗin da na aika aka siyo a kemis tun safiyar farko, wallahi asarar kuɗi ce, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. ORS ne kawai, cokali-cokali ko da yana amai, sai zinc na kwana 10. Sanitaiza ɗin da nake ta fesa musu tun zamanin korona ma ashe ba ta cika kashe shi ba, sai sabulu da ruwa, ban ɗaki da fo kuma a wanke da Hypo.

Kwana uku yaron ya warware, yana neman kunu. Buta ɗaya ce dai duk gidan muke amfani da ita, jiya na sa aka siyo min biyu a Sabon Gari, Hajiya tana ta min dariya wai boko ya yi min yawa.