Kafin a sauke giyabos

Shekara 19 ke nan da buɗe garejina a Kano, kuma kusan rabin aikinmu na tsofaffin Honda ne masu otomatik: Hala, Bulldog, Baby Boy. Masu irin waɗannan motocin mutane ne da suka sha wahala kafin su saya, malaman makaranta, ƙananan 'yan kasuwa, 'yan fansho. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji an ce wa ɗayansu giyarsa ta mutu alhali ba a ɗora mita a kan ko waya ɗaya ba.

A watan jiya wani dattijo ya shigo da Bulldog ƙirar 1995, tana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ce in nemi kuɗin giyabos, ni kuwa ba ni da su. Ka duba min ko za ta kai ni ƙarshen wata."

Na ce, "Baba, faɗa min abin da take yi tukuna."

Ya ce idan yana tafiya sai allurar maleji ta yi ta rawa, can ta faɗi ƙasa ta kwanta, sai fitilar D4, wadda ke nuna giyar tafiya a dashbod, ta fara ƙyaftawa. Daga nan giya ba ta shiga a kan lokaci, idan ta shiga kuma da duka take shiga, har ya ji a bayansa. Wani lokaci idan ya kashe ta ya sake tayarwa sai ta saki jiki na ɗan lokaci. Tun daga nan hankalina ya bar cikin giyabos. Giyar da ta cinye kulocinta ba ta warkewa don an murɗa makulli, kuma ba ta da ruwa da allurar maleji.

A saman giyabos, ta bayan inji, akwai wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, mu sensa muke ce mata. Aikinta ƙirga juyin da ke fita zuwa tayoyi, ta aika wa maleji, ta aika wa birenbos, wato kwamfutar mota. Da saƙonta kwamfutar mota take sanin lokacin sauya giya. Idan saƙon ya yanke, motar tana gudu amma kwamfuta ba ta san gudun ba, sai ta koma lalube.

Na fara zaro sandar man giya. Man ja ne, ba ƙauri, ba ɓurɓushi. Sannan na sa babban yarona ya nemo shuɗin soket mai baki biyu da ke ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 sikana ake jona musu, ta rubuto P0500 idan matsalar sensar gudu ce. Na kafin nan kuwa da ƙyafta fitila suke magana. Muka haɗa bakin soket ɗin da guntuwar waya, muka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba. Fitilar inji ta yi doguwa ɗaya, gajeru bakwai, wato 17. D4 ta yi gajeru huɗu. Duka biyun wuri ɗaya suke nunawa, wato saƙon sensar gudu.

To, a nan ne yara suke gaggawa. Yaron ya ce, "Oga, in tafi Ƙofar Ruwa in samo sensa?" Na ce ya dakata. Lambar ta ce saƙo ba ya isowa, ba ta ce sensar ce ta mutu ba. Na sha ganin ɓera ya tsinke waya. Na sha ganin soket ya yi kore da tsatsa saboda ruwan da ake fesa wa inji a wajen wanki. Kuma Bulldog tana da wata cuta tata: dalmar da ke bayan agogon maleji takan tsage, allura ta mutu alhali sensa lafiyarta ƙalau. Sai dai a wannan halin giya tana shiga daidai, D4 ba ta ƙyaftawa, domin kwamfuta tana samun saƙonta.

Muka cire robar iska don hannu ya samu hanya, muka zare soket. Wayoyi uku ne. Ɗaya ta ba mu wutar batir, bolt 12. Ta biyu, wadda ke zuwa jikin mota, ta kama sosai. Ta uku ita ce ta saƙo. Muka mayar da soket, na soka siririyar allura ta bayan wayar saƙon, muka ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa, giya a N, an sa wa tayoyin baya waji. Yaron ya riƙa juya tayar da hannu sannu a hankali, ni kuma idona a kan mita. Sensa mai lafiya za ka ga lamba tana hawa wajen 5 tana saukowa kusan 0, tana hawa tana sauka, daidai da juyin tayar. Wannan ta tsaya cak. Na ɗan ƙwanƙwasa kanta da gindin sukudireba, lambar ta motsa sau biyu ta sake tsayawa. Na kira dattijon ya leƙo ya gani da idonsa, domin ina son mai mota ya san abin da zai biya wa kuɗi.

Wajen cirewa akwai ɗan ƙaramin fil a ƙasanta da ke haɗa ta da haƙorin da ke juyawa. Ni da kaina nake cire wannan, ba na bar wa yaro, don idan ya suɓuce ya faɗa lungun inji an shiga nema, idan kuma aka manta ba a mayar da shi ba sabuwar sensar ma ba za ta ƙirga komai ba.

Na fi yarda da 'yar Beljiyam ta asali, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, a kan sabuwa mai araha, amma ko ita ba na ɗaurewa sai na jona ta a soket na juya ƙasanta da yatsa na ga mita tana amsawa. Wadda yaron ya kawo ta amsa. Muka ɗaura, muka zare fis ɗin BACK UP mai lamba 7.5 na daƙiƙa 10 don tsohuwar lambar ta goge.

Na ce, "Baba, shigo mu zaga." Muka hau titin Zariya, allura ta tashi ta tsaya da ƙafarta, na ce ya ƙirga tare da ni: ta biyu, ta uku, ta huɗu, kowacce ta shiga ba ko girgiza. Ya yi shiru har muka juyo, sannan ya tambayi kuɗinsa. Duk da aikin hannu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ce ya nemo ba. Na sa masa tsohuwar sensar a leda, na ce idan ya kai wanki ya hana su fesa ruwa ta bayan injin.