Sufeton layin dogo a Amurka

Wallahi aikin nan yana burge ni. A Amurka hukumar FRA, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da jiragen ƙasa, tana ɗaukan sufetocin tsaron jirgin ƙasa, kuma ba digiri suka fi dubawa ba, gogewa suke nema, mutumin da ya daɗe yana gyaran layin dogo ko sigina ko yana tuƙa jirgi, sannan dole ka zama ɗan ƙasa. Kullum kana hanya, ka duba birki, ka auna faɗin layi, ka bi tankokin kemikal, ka rubuta rahoto, in kamfani ya karya doka a ci shi tara. Ku tuna abin da ya faru a garin East Palestine na jihar Ohio a 2023, boris ɗaya ne ya yi zafi jirgi ya kauce, aka kwashe mutane daga gidajensu.